Ɗan Hakin Da Muka Raina: Tamostat Da Gidansa A Motocinmu

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Wudil a watannin bazara, musamman ranar Juma'a da kasuwar garin take ci, da wuya ya kai gada bai ga mota ɗaya ko biyu a gefen titi ba, an ɗage bonet, tururi yana tashi, yaron mota ya ruga neman ruwa da jarka, fasinjoji kuwa sun fake a gindin darbejiya suna fifita da hula. Idan ka tsaya ka yi musu sannu, ka tambayi abin da ya faru, amsar ba ta wuce kalma ɗaya: obahitin. Wato dai inji ya ɗauki zafi fiye da kima. Daga nan sai ka ji an shiga rabon laifi. Wannan ya ce lodi ne ya yi yawa, wancan ya ce ranar bana ta fi ta bara, wani kuma ya ce ai motar ce ta tsufa.

Abin da ya sa na ga ya dace in yi tsokaci a kan wannan al'amari shi ne, asarar da ke cikinsa ba ƙarama ba ce, kuma talaka ne yake ɗaukar ta. A mazaɓa irin Achika ta ƙaramar hukumar Wudil, da sauran garuruwan karkara makamantanta, mota ba kayan ado ba ce. Ita ke kai hatsi da kayan gwari da dabbobi kasuwa, ita ke ɗaukar mai naƙuda cikin dare, sau da yawa kuma ita ce iyakar jarin gida guda. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki darajar naira bayan 'yan makonni, kuɗin kayan gyara ya yi tashin gwauron zabo. Wanda injinsa ya buga, ko dai ya sayar da sa, ko ya jinginar da gona, ko kuwa ya ɗora motar a kan duwatsu kaji su mayar da ita akurki. Alhali kuwa da dama daga cikin injunan da ke mutuwa a hannunmu, ciwonsu yana farawa ne daga wani ɗan ƙarfe da bai fi girman lemon tsami ba, da kuma ɗan gidan da yake zaune a ciki. Sunansa tamostat.

Mene ne shi, ina ne gidansa?

Inji wuta yake ci. A cikin ƙarfin da ke ƙunshe a kowace lita ta fetur, abin da ke juya taya bai cika kai kashi ɗaya cikin uku ba. Wajen kashi ɗaya yana ficewa ta salansa, ragowar kuma ya zama zafi a jikin ƙarfe, wanda tilas ruwa ya kwashe shi. Famfon ruwa shi ke zagayawa da ruwan ta cikin hanyoyin da aka huda a jikin inji, ya tura shi lagireto, iska ta fifita shi, ya dawo. To amma kamar yadda inji ba ya son zafin da ya wuce kima, haka nan ba ya son sanyi. Maƙeransa sun auna komai, tun daga ratar da ke tsakanin fistin da silinda har zuwa kaurin baƙin mai, a bisa cewa zai riƙa aiki a kan zafin da ya kama daga digiri 85 zuwa wajen 100.

Tamostat shi ne mai gadin wannan ma'auni. 'Yar ƙofa ce a kan hanyar ruwa, mai sifirin da ɗan kwanson ƙarfe cike da wani kaki na musamman. Idan inji yana da sanyi, kakin a daskare yake, ƙofa a rufe, ruwa yana ta zagaye a cikin inji kaɗai har ya ɗumama. Da zarar zafi ya kai lambar da aka buga a jikinsa, 82 a yawancin motocin Toyota, 87 a Golf da danginta, sai kakin ya narke ya kumbura, ya tura wani ɗan tsinke, ƙofa ta fara buɗewa, ruwa ya wuce lagireto. Idan zafin ya ƙaru da digiri goma zuwa goma sha biyar, sai ta wangale gaba ɗaya; idan ya sauka, ta ja baya. Wani mai ƙirƙira a Amurka, Sergius Vernet, shi ya fito da wannan dabara ta kaki a shekarun 1930, kuma har yanzu ita ce a cikin kusan kowace mota.

Gidansa kuwa ba shi da wuyar ganewa. Mai karatu ya bi babban tiyon roba da ya taso daga lagireto har inda ya shiga jikin inji. Wannan ɗan ƙoƙon da aka ɗaure da kusoshi biyu ko uku shi ne gidan. A wasu motocin yana kan tiyon sama, a wasu kuma, kamar Toyota da Honda da Golf da dama, yana kan na ƙasa. A tsofaffin motoci da alminiyom ko baƙin ƙarfe ake yin sa. Daga shekarun 1990 kamfanoni da yawa, musamman na Turai, suka koma yin sa da roba mai tauri, sau da yawa ma a haɗe shi da tamostat ɗin da na'urar da ke auna zafi, ya zamanto in ɗaya ya lalace sai an sauya duka.

Sunan da ya ɓatar da mu

A matsayina na ɗalibin harshe, na daɗe ina sha'awar yadda Bahaushe ya karɓi mota da bakinsa. Ya ɗauki kalmomin Bature ya sassaƙe su har suka zauna daidai da harshensa: lagireto, kafireto, sitiyari, salansa, fulogi, birki. Inda baƙaƙe suka cunkushe ya cusa wasali, inda kalma ta ƙare da baƙi ya liƙa mata wutsiya. Wasu kuma ya raɗa musu nasa sunan, irin su baƙin mai da ƙwaƙwalwar mota da a-kori-kura. Sai dai aro yakan zo da sauti ya baro ma'ana a can gida, kuma a nan gizo yake saƙar.

Kalmar tamostat tushenta Girkanci ne, kalmomi biyu aka haɗa, ɗaya zafi, ɗaya tsayuwa. Ma'anarta ke nan mai tsayar da zafi a wuri ɗaya. Da ta iso garejinmu babu wannan bayani, sai muka ƙirƙiro mata wani: wai abin ƙasar sanyi ne, an sa shi don ya ɗumama inji a inda ƙanƙara ke zuba, mu da muke da rana kyauta ba ruwanmu da shi. Haka abin ya faru da ruwan lagireto na musamman, wanda a jikin galan ɗinsa aka rubuta antifiriz, wato mai hana daskarewa. Bahaushe ya ji fassarar ya yi dariya, ya ce yaushe rabon da ruwa ya daskare a Wudil? Da an ce masa ruwan hana tsatsa da hana tafasa ne, wanda kuwa shi ne aikinsa a ƙasarmu, da tuni ya saya.

Ita kanta kalmar obahitin ta zama kamar zazzaɓi a bakinmu. Zazzaɓi alama ce. Yana iya zama na sauro, yana iya zama taifot, yana iya zama wani ƙurji ne a ɓoye. Haka zafin inji: lagireto ne ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko fanka ta daina tashi, ko famfon ruwa ya cinye, ko gidan tamostat yana yoyo, ko gasket ta ƙone. Cuta shida, suna ɗaya, don haka sai muka ba su magani ɗaya: a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyi tun daga kunna mota har kashe ta.

Hujjar bakanike

Adalci ne a saurari wanda ke riƙe da sifana. Na taɓa tambayar wani dattijon bakanike a bakin hanyar Wudil, wanda ya haura shekara talatin a sana'ar, dalilin da ya sa yake cire tamostat a duk motar da aka kawo masa. Ya goge hannu da tsumma ya ce: "Malam, ku a takarda kuke karantawa, mu kuwa hannunmu ne ke ƙonewa. In na bar shi ya maƙale a hanyar Gaya, inji ya dafe, wa za a zaga? Ni. In na cire shi mota ta ƙara shan mai, wa za a zaga? Gidan mai."

Maganarsa akwai ƙamshin gaskiya. Tamostat yakan maƙale a rufe, kuma idan ya yi haka, cikin 'yan mintuna sai inji ya tafasa. Jabun kaya sun cika kasuwa, ga shi kuma ruwan da muke zubawa shi kansa yana sa ɗan ƙarfen ya yi tsatsa ya ƙage. Bayan haka al'adar tana da tarihi. Tun daga 1975 da kamfanin haɗa Fijo ya fara aiki a Kaduna, ƙirar 504 ce ta zama makarantar yawancin manyan makanikanmu. Inji ne mai kafireto, mai haƙuri, wanda ko an cire masa wani abu zai ci gaba da tafiya, a lokacin kuma fetur araha gare shi, ba wanda ya damu da lissafin lita. Da motocin gwanjo suka fara kwararowa daga Turai ta tashar Kwatano, waɗanda muke kira Beljiyam, sai injin ya sauya amma hannun da ke gyara shi bai sauya ba. Yaro ya gaji dabarar daga ogansa, shi ma ya koyar da nasa yaran.

Sai dai batun ƙasar sanyi ba ya tsayuwa idan aka auna shi. Duk alhajin da ya je Makka a lokacin zafi ya san ranar can ta fi ta Kano, amma motocin da ake sayarwa a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke fitowa. Kuma a tsakiyar rana, idan inji ya ɗau zafi, lafiyayyen tamostat a wangale yake, ba ya tare komai. A ɗaya gefen, wanda ya fito daga Achika da asubahin hunturu, lokacin da sanyi ke saukowa ƙasa da digiri 15, ya san mu ma muna da namu sanyin.

Abin da cirewar ke jawowa

Na farko shan mai. Motar zamani tana da na'ura da ke gaya wa ƙwaƙwalwarta zafin ruwa. Muddin ruwan yana da sanyi, ƙwaƙwalwar tana ɗauka yanzu aka tashi mota, sai ta yi ta ƙara fetur, kamar dai wanda ya ja cok ya manta bai mayar ba. Inji marar tamostat, ga fanka tana juyi ba hutu, yana iya yin tafiya mai nisa a buɗaɗɗen titi bai kai zafin da ya kamata ba. Direba yana kallon allura a ƙasa yana murna, bai san aljihunsa ne ke yoyo ba.

Na biyu cinyewar inji. Fetur ɗin da ya yi yawa ba ya ƙonewa duka. Yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka na ƙasa. Laimar da ya kamata zafi ya kore ta kuma sai ta taru, ta haɗu da mai su zama wani baƙin kunu mai toshe hanyoyi. Ringi ya cinye, fulogi ya yi baƙi, mota ta fara hayaƙi. Wannan ba ya faruwa rana ɗaya, shi ya sa ba a ɗora laifin a inda ya dace.

Na uku shi ne wanda ya fi ba mutane mamaki. A injuna da yawa tamostat ƙofa biyu yake tsaro: yayin da yake buɗe hanyar lagireto, a lokaci guda yana rufe wata 'yar gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji kai tsaye. Idan an cire shi, wannan hanya a buɗe take har abada, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa bin ta ba tare da ya leƙa lagireto ba. Sai ga mota an cire mata tamostat don maganin zafi, amma da ta ɗauki lodi ko ta shiga cunkoso sai ta tafasa. Garin neman gira an rasa ido.

Na huɗu, ainihin cutar tana nan kwance. Lagireton da ya toshe bai washe ba, murfin da ya saki bai gyaru ba. Ita kuma fankar da aka haɗa kai tsaye tana gajiya kafin lokacinta, ranar da ta mutu kuwa ba sallama.

Yadda gidan ke lalacewa

Ko da tamostat lafiyarsa ƙalau, gidansa yana tsufa. Na roba, shekaru na zafi da sanyi suna busar da shi har ya yi gautsi, ya lanƙwashe ko ya tsage, galibi a wuyan da tiyo ke shiga ko kusa da ramin kusa. Na alminiyom kuwa ruwa ne ke cin sa, ya yi masa ƙananan ramuka kamar zanzana, har fuskarsa ta kasa zama daidai. Zoben robar da ke toshe tsakani shi ma yakan taurare. Akwai kuma ɓarnar hannu: yaron gareji ya ga ɗigo, ya ɗauko sifana ya ƙara ɗaurewa da ƙarfin tuwo, kunnen gidan ya ɓalle.

Alamominsa a fili suke ga mai lura. Za a ga wani farin gari ko kore ko ja-ja ya bushe a gefen gidan. Ruwa yana raguwa kullum ba a ga inda yake zuba ba, domin yana ɗiga a kan ƙarfe mai zafi ya ƙafe. Wani lokaci a ji wari mai ɗan zaƙi-zaƙi bayan an kashe mota, ko allura ta riƙa hawa da sauka. Kada a raina ɗigo. Ruwan inji a matse yake, murfin lagireto yana riƙe shi da ƙarfi, kuma wannan matsi ne ke sa ruwan da zai tafasa a digiri 100 ya jure har wajen 120. Da an samu 'yar kafa, matsin ya zurare, ruwa ya tafasa tun kafin lokacinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da aka fi yi a wurinmu shi ne a shafe tsagar da gam, ko a nemo wani gidan na gwanjo a Ƙofar Ruwa. Gam na iya kai mutum gida, amma ba gyara ba ne. Shi kuwa gidan roba na gwanjo, ya riga ya ci shekarunsa a ƙasar da ya fito. Tsufan da ya kashe naka yana jikinsa. A nan araha ba ta ado. Gara a daure a sayi sabo mai kyau, tare da sabon tamostat mai lamba daidai da ta asali da sabuwar gasket ko zobe.

Yadda ake sauya shi

Ba ina nufin kowane mai mota ya zama bakanike ba ne, amma wanda ya san yadda aiki yake ba a yi masa aika-aika yana tsaye. Da farko sai inji ya huce sarai. A tsiyaye ruwa a cikin roba har ya sauka ƙasa da gidan, a cire tiyo, a zare wayar na'urar auna zafi in akwai, sannan a kwance kusoshi. Kafin a fitar da tsohon tamostat a lura da yadda yake zaune: ɓangaren sifirin da kwanson kaki shi ke fuskantar inji, in aka juya shi ba zai ji zafin ruwa a kan lokaci ba. Idan yana da wata 'yar huda mai ɗan tsinke a gefe, ita ake sawa a sama, domin ta nan iska ke fita.

Wanda ke shakkar tamostat, sabo ko tsoho, gwajinsa bai fi ƙarfin kowace tukunya ba. A rataya shi da zare a cikin ruwa a ɗora a wuta. Kafin ruwan ya tafasa za a ga bakinsa ya buɗe, idan an fito da shi ya huce ya koma ya rufe. Wanda ya ƙi buɗewa, ko ya ƙi rufewa, shara ne. Da makanikanmu za su riƙa wannan gwaji na minti goma, da tsoron da dattijon nan ya faɗa ya ragu ƙwarai.

Sai a kankare fuskar da gidan zai zauna har ta yi sumul, ba tare da an ƙwarzane ta ba. A sa sabuwar gasket. Inda zoben roba ne, ba ya bukatar gam ko kaɗan. Inda kuma ake sa gam, shafa kaɗan ta isa, domin rarar da ta matso ciki ita ce ke ɓallewa ta je ta toshe lagireto. A ɗaura kusoshi da hannu tukuna, sannan a riƙa matsawa kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan, har su zauna daidai. Ƙananan kusoshi ne, ba na taya ba.

Matakin ƙarshe shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, wato fitar da iska. Idan an zuba ruwa, iska takan maƙale a wasu lunguna, ta hana ruwa isa ga tamostat, sai a ga sabon kaya amma mota tana zafi, a ce ai ga shi nan, mun faɗa. Motoci irin Fijo 406 suna da ƙananan kusoshin fitar da iska waɗanda ake sassautawa har ruwa ya fito ba kumfa. A tashi mota a bar ta tana aiki har tiyon da ke da sanyi ya ɗau zafi, fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya da kanta. A kashe, a bari ta huce, a cika ruwa, washegari a sake dubawa. In an taɓa haɗa fanka kai tsaye, a kira mai gyaran waya ya mayar da ita kan tsarinta.

Ruwan da muke zubawa

Duk wannan aiki banza ne idan za a koma ga ruwan rijiya ko na burtsatse ko na kogi. Mai karatu ya leƙa cikin butar shayin da ta daɗe a kan wuta, ya ga farin dutsen da ya manne a gindinta. Irinsa ne ke taruwa a cikin siraran bututun lagireto da jikin tamostat. Ruwan lagireto na musamman, wanda akan gauraya rabi da rabi da tataccen ruwa in ba gaurayayye aka sayo ba, yana ɗauke da maganin tsatsa, yana kuma ƙara wa ruwa juriyar tafasa. Shi ma yana gajiya: tsohon samfuri akan sauya shi duk shekara biyu, na zamani yakan kai biyar.

Akwai gargaɗi a nan da ya shafi mutanen karkara musamman. Wannan ruwa guba ne, ga shi da zaƙi a baki. Idan aka tsiyaye shi a ƙasa, ko aka bar shi a buɗaɗɗiyar roba, akuya ko kare ko kaza za su sha, balle yaro ƙarami da zai ga launinsa ya zaci lemo ne, kuma ƙoda yake lalatawa. A zuba shi a jarka a rufe, kada a ajiye shi a gorar lemo, kada kuma a zubar kusa da rijiya.

Idan kuma abin ya riski mutum a hanya, allura ta haura, to ya sauka gefe ya kashe mota. Kada ya ce bari in lallaɓa in kai gada. 'Yar wannan lallaɓawar ce ke lanƙwasa kan inji ta ƙone gasket. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi, mutane da yawa suna ɗauke da tabon wannan ganganci a fuska da hannu. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi a kan inji mai zafi. A ba shi aƙalla rabin sa'a, sannan a nemi inda ruwan ya bi.

Ina mafita?

Ga masu motoci, roƙona kaɗan ne. Duk wanda ya sayi mota, ya sa a buɗe gidan a gani ko tamostat yana ciki. Idan bakanike ya ce a cire, a tambaye shi cikin girmamawa: Oga, an gwada shi a ruwan zafi? An duba murfi da lagireto da fanka? Mai gaskiya ba zai ji haushin tambaya ba. A kuma daina matsa wa makanikai da cewa a yi dabara kawai. Sau da yawa mai motar ne ke ƙin sayen kaya, in ta ɓaci kuma ya ce an cuce shi.

Ga ƙungiyar makanikai ta NATA da ta direbobi ta NURTW, lokaci ya yi da za su riƙa shirya wa 'ya'yansu bita a kan injunan zamani. Ga jami'ar kimiyya da fasaha nan a Wudil, wadda aka buɗe a 2001, aka kuma sauya mata suna zuwa ta Aliko Ɗangote a 2022. Tsakanin tsangayarta ta injiniya da garejin bakin titi tafiyar 'yan mintuna ce, bai kamata ilimin ya kasa ƙetare katanga ba. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON ita ma ta san aikinta game da jabun kayan gyara, domin muddin na kirki da na banza suna cikin kwali iri ɗaya, bakanike zai ci gaba da zaɓar cirewa.

Mu ma masu nazarin harshe da 'yan jarida da gidajen rediyo akwai namu kason. Bayani da Hausa a kan gyaran mota ya yi ƙaranci ƙwarai, alhali dubban matasa da wannan harshe suke koyon sana'ar. Ni dai shawarata, mu riƙa kiran wannan ɗan ƙarfe mai gadin zafi, ruwan nan kuma mu ce masa ruwan hana tsatsa. Yaron da aka ce masa je ka cire mai gadi, ko ba komai zai tsaya ya tambayi dalili.

Rigakafi dai ya fi magani, kuma kuɗin gidan tamostat da galan ɗin ruwa ko kusa bai kama ƙafar kuɗin inji ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a cikin neman kowa, amin.